Jagora ga Mai Son Karanta Nazarin Matasa da Aikin Raya Su a Jami'a

Aiki da matasa fanni ne da ake karantawa a jami'a kamar yadda ake karanta koyarwa ko jinya, kuma yana da ƙa'idojinsa da ladubbansa da takardun shaidarsa. A Ingila ne ya fara tsayawa da ƙafarsa. A can aka kafa ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA a birnin Landan a 1844, a can Baden-Powell ya yi sansanin Sikawut na farko a 1907, sannan rahoton kwamitin Albemarle na 1960 ya sa gwamnati ta fara gina cibiyoyin matasa da horar da ma'aikatansu da kuɗin hukuma. Daga 2010 kuwa, duk sabon mai neman a ɗauke shi ƙwararren ma'aikacin matasa a Ingila sai ya kawo digiri daga kwas ɗin da aka tantance. Ƙungiyar Ƙasashe Rainon Ingila ta kafa shirinta na matasa a 1973, daga baya ta fito da difloma ta musamman a wannan fanni, wadda jami'o'i a Afirka da Asiya da yankin Karebiyan suka riƙa koyarwa.

Mu ma ba baƙi ba ne ga aikin. Ƙasar Hausa ta san sarkin samari da aikin gayya tun kafin zuwan boko, kuma a Nijar gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau mulki a 1974, ta farfaɗo da Samariya, wato ƙungiyar samari ta gargajiya, ta mai da ita ginshiƙin ayyukan raya ƙasa. Abin da muke da ƙarancinsa shi ne mutanen da suka haɗa ƙaunar aikin da horo na ilimi. Ga hanyar da ɗalibi ko ɗaliba za su bi, tun daga shawarar farko har zuwa neman aiki.

Mataki na farko: ka san abin da kake nema

Abubuwa biyu ne ke tafiya tare a nan, amma ba ɗaya ba ne. Nazarin matasa bincike ne a kan rayuwarsu: yadda suke girma, yadda suke neman abinci, abin da ke kai su shaye-shaye ko daba, yadda suke shiga siyasa da addini da duniyar intanet. Wanda ya bi wannan layi yakan zama mai bincike ko malamin jami'a ko mai tsara manufofin gwamnati. Aikin raya matasa kuwa zama ne da su ido da ido, a filin ƙwallo ko cibiyar koyon sana'a ko bakin titi, domin a taimaka musu su gane kansu su kuma iya yanke shawarar da za ta amfane su.

Akwai ƙa'ida guda da ta raba wannan aiki da na malamin aji da na ɗan sanda da na alƙali, kuma ina ganin duk wanda bai karɓe ta a ransa ba gara ya nemi wani kwas tun da wuri. Matashi da kansa yake zuwa wurinka, kuma yana da ikon tashi ya tafi a duk lokacin da ya ga dama. Ba ka da bulala, ba ka da rajistar kiran suna, ba ka da makin jarrabawa da za ka riƙe shi da shi. Idan ya dawo gobe, to yarda ce ta dawo da shi. Duk darussan da za ka ɗauka a shekaru huɗu, a ƙarshe suna koya maka ne yadda ake samun wannan yarda da yadda ake riƙe ta ba tare da an ci amanarta ba.

Mataki na biyu: ka fara aikin sa kai kafin ka sayi fom

Kada ka jira sai ka samu gurbin karatu. Ka nemi wata ƙungiya da ke kusa da kai, ko Sikawut ce, ko 'yan agajin masallaci, ko ƙungiyar matasan coci, ko Red Cross, ko kulob ɗin ƙwallon unguwa, ko makarantar dare da ake koya wa 'yan mata masu talla karatu, ka ba su yamma ɗaya ko biyu a kowane mako. A cikin 'yan watanni za ka san ko kana da haƙurin sauraron yaro ɗan shekara goma sha shida yana maimaita kuskuren da ka riga ka gargaɗe shi a kai. Ka riƙa rubuta ranakun da ka je da abin da ka yi, kuma idan za ka bar wurin ka karɓi wasiƙar shaida mai ɗauke da sa hannun shugaba da hatimin ƙungiyar. Wannan takarda za ta yi maka rana a wurin neman aiki da neman tallafin karatu.

Mataki na uku: zaɓen kwas

A nan ne ɗalibai da yawa kan rikice, domin a yawancin jami'o'in Najeriya ba za ka ga kwas mai suna aikin matasa a jerin digirin farko ba. Ana shiga fannin ne ta ƙofofi daban-daban, kuma kowace ƙofa tana da abin da take bayarwa da abin da take tauyewa.

Ilimin zamantakewar ɗan Adam shi ne ya fi yaɗuwa, kusan kowace jami'a tana da shi, kuma ya fi dacewa da mai son bincike. Zai koya maka nazarin iyali da talauci da aikata laifi da ƙaura daga ƙauye zuwa birni, sai dai sau da yawa ɗalibi kan gama shi bai taɓa zama da matashi mai matsala ba a ƙarƙashin kulawar wani gwani. Kwas ɗin aikin walwalar jama'a, wanda Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta daɗe tana koyarwa kuma wasu jami'o'i suka biyo baya, ya fi kusa da aikin hannu, domin fita aikin sanin makama wajibi ne a cikinsa. A tsangayar ilimi kuma akwai ƙofofi biyu masu kyau: ilimin manya da hidimar al'umma, kamar sashen da ke Jami'ar Bayero ta Kano da makamancinsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da kuma jagoranci da ba da shawara, wanda ake karantawa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da wasu wurare. A nawa ganin, ilimin manya da hidimar al'umma ne ya fi kama da ainihin aikin matasa, saboda shi ma ya ginu ne a kan koyar da mutumin da ba tilasta shi aka yi ya zo ba, ko da yake ɗalibai kan raina shi su ɗauke shi kwas ɗin da ake tura wanda bai samu zaɓinsa na farko ba. Wanda ke Nijar yana da hanya madaidaiciya, domin akwai cibiyar ƙasa ta horar da jami'an matasa da wasanni a Yamai, ga kuma sassan ilimin zamantakewa a jami'o'in Yamai da Damagaram.

Kafin ka cike fom, ka je sashen da kanka ko ka nemi ɗalibin da ke aji uku ko huɗu, ka yi masa tambayoyi. Makonni nawa ake fita aikin sanin makama? Sashen ne ke nemo wa ɗalibai wuri ko kowa tasa ta fisshe shi? Malamai suna zuwa duba ɗalibi a wurin aikin, ko sa hannu kawai ake yi a littafi idan an dawo? Akwai malamin da bincikensa ya shafi matasa, wanda zai iya duba maka kundin kammala karatu? Kuma shin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta tantance kwas ɗin? Amsar waɗannan tambayoyi ta fi sunan jami'ar muhimmanci. Kwas ɗin da babu fita fili a cikinsa kamar koyon tuƙi ne a kan allo.

Mataki na huɗu: neman gurbi da kuɗin karatu

Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, kuma yawancin jami'o'i sukan nemi lissafi. A jarrabawar JAMB Turanci dole ne, sauran darussa uku kuwa sun danganta da kwas da jami'a, don haka ka duba kundin bayanin JAMB na shekarar, kada ka dogara da abin da mai shagon intanet ya gaya maka. Mai NCE ko difloma yana iya neman shiga kai tsaye zuwa aji biyu. Idan kuɗin makaranta ne matsala, asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki a 2024 ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, kuma ana fara biyan bashin ne shekara biyu bayan gama bautar ƙasa.

Mataki na biyar: yadda za ka yi karatun aji

Abu na farko da za ka ci karo da shi shi ne cewa hukumomi ba su haɗu a kan shekarun matashi ba. Majalisar Ɗinkin Duniya tana lissafa daga 15 zuwa 24. Yarjejeniyar Matasan Afirka da aka amince da ita a Banjul a 2006 ta ce daga 15 zuwa 35. Manufar matasa ta Najeriya ta 2009 ta ce daga 18 zuwa 35, sai ta 2019 ta mayar da shi daga 15 zuwa 29. Wannan ba ƙaramin zance ba ne, domin shi ke yanke wanda zai shiga shirin tallafi da wanda za a bari a waje, kuma duk rubutun da za ka yi sai ka faɗi ma'aunin da ka ɗauka.

Za a karantar da kai ra'ayoyin masana da dama. Erik Erikson ya ce babban aikin da ke gaban matashi shi ne gano ko shi wane ne. Paulo Freire na ƙasar Barazil ya soki koyarwar da ake ɗura wa ɗalibi ilimi yana zaune shiru, ya ce a fara daga matsalar da mutane ke ciki a tattauna ta da su. Alcinda Honwana, 'yar ƙasar Mozambik, ta yi nazarin dogon zaman jiran da matasan Afirka ke yi tsakanin ƙuruciya da girma, inda shekaru suka kai amma babu aiki, babu halin aure, babu ɗakin kai. Duk wanda ya san yadda kuɗin lefe da hayar gida ke tsayar da saurayi ɗan shekara talatin a ɗakin soron gidansu zai gane abin da take nufi. Roger Hart kuma a 1992 ya zana tsani mai matakai takwas na shigar da yara da matasa cikin al'amura, ya ce matakai uku na ƙasa ba shiga ba ce ko kaɗan: yaudara ce, da ado, da cika ido. Idan ka ga an tara matasa an raba musu riguna da hula, sun yi tafi an ɗauki hoto, alhali ba a tambaye su komai ba wajen tsara shirin, to a mataki na biyu na tsanin, wato ado, aka tsaya.

Shawarata ita ce kada ka haddace waɗannan ra'ayoyi don jarrabawa kawai. Yawancinsu an gina su ne a kan matasan Turai da Amurka, saboda haka ka riƙa auna kowanne da gardin da ke tsangaya, da yarinyar da aka aurar tana shekara goma sha biyar, da yaron da ke koyon kanikanci a gareji. Inda ra'ayin ya dace ka riƙe, inda ya kasa ka rubuta dalilin kasawarsa, domin a irin wannan wuri ne ake samun batun bincike mai kyau.

Ka kuma san dokoki da alƙaluma na gida. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, kuma tun da jihohi sukan yi nasu dokokin a kan wannan, ka nemi ta jiharku ka karanta. Gyaran tsarin mulki na 2018 ya rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Binciken shan miyagun ƙwayoyi da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 ne suka yi amfani da ƙwaya a Najeriya a cikin shekara guda. Irin waɗannan rahotanni ka karanta su daga tushe, kada ka ɗauko su daga bakin wani.

Mataki na shida: fita fili

Wannan shi ne zuciyar karatun. A Ingila ɗalibin digirin farko yakan yi kimanin sa'o'i 800 yana aiki a ƙarƙashin mai kula kafin a ba shi shaidar ƙwarewa. Idan sashenku bai tanadi komai mai kama da haka ba, ka cike giɓin da kanka a lokutan hutu. Ka nemi wurare masu bambanci: sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, gidan kula da yaran da suka yi laifi, cibiyar gyaran masu shaye-shaye, ƙungiya mai zaman kanta da ke koyar da sana'a. Kuma ka tabbata akwai mutum ɗaya a wurin da zai zauna da kai a kai a kai ya ji yadda aikin ke tafiya.

A ce an tura ka wata majalisar samari da ke zama a benci kusa da teburin mai shayi bayan sallar isha'i. Kafin komai ka gaida mai unguwa ka gaya masa ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. Ranar farko kada ka zo da takarda da biro, kada ka zo da wa'azi. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka da makarantarka a fili domin kada a zaci jami'in tsaro ne ko ɗan leƙen asiri, ka sayi shayinka ka zauna a gefen benci. Za a yi musun ƙwallo, za a yi zancen siyasa da tsadar mai, wani zai gwada ka da baƙar magana ya ga yadda za ka yi. Ka lura da wanda idan ya yi magana sauran sukan yi shiru, da wanda kullum shi ake aika sayen sigari, da wanda ya daina zuwa. Bayan makonni, wata rana ɗaya daga cikinsu zai taka maka zuwa bakin titi, a nan ne zai ce maka an kore shi daga wurin koyon sana'a, ko yana son daina shan abin da yake sha amma ya kasa barci in bai sha ba. Daga wannan rakiya aikin yake farawa, kuma wanda ya yi gaggawa ba zai kai gare ta ba.

Kowane dare idan ka koma, ka rubuta abu uku a littafin bitarka: abin da ya faru, abin da ka ji a ranka, da abin da za ka sauya in ka sake samun irin wannan hali. Kada ka rubuta sunan kowa na gaskiya.

Sai maganar iyaka, wadda ita ce ke kayar da masu kyakkyawar niyya. Kada ka keɓe da matashi a ɗaki rufe, musamman wanda bai kai 18 ba, kuma namiji kada ya keɓe da yarinya ko da da sunan ba da shawara ne. A zauna inda ake ganin ku ko da ba a jin ku. Kada ka ba da rance daga aljihunka, kada ka yi alƙawarin aiki ko jari da ba ya hannunka, kada ka shiga hirar waya ta tsakar dare. Kada ka ɗauki hoton yaro ka sa a Facebook ko TikTok ba da izininsa da na iyayensa ba. A kan sirri kuwa, ka gaya wa matashi gaskiya tun kafin ya buɗe baki: za ka riƙe abin da ya faɗa maka, sai fa idan rayuwarsa ko ta wani tana cikin haɗari, ko ana cin zarafinsa. Idan yarinya ta gaya wa ɗaliba mai sanin makama cewa wani a gidansu yana lalata da ita, bai kamata ɗalibar ta yi alƙawarin yin shiru ba, haka kuma bai kamata ta tunkari mutumin da kanta ba. Ta saurara ba tare da ta nuna shakka ba, ta rubuta maganar kamar yadda aka faɗe ta, ta kai wa mai kula da ita a ranar. Shi ya sa tun makon farko ya kamata ka san asibiti da ofishin walwalar jama'a da za a iya tura mutum.

Ina jan hankalin 'yan mata musamman su shigo wannan fanni. Yawancin shirye-shiryen matasa a garuruwanmu maza suke kaiwa gare su, domin su ake gani a waje. Budurwar da ke cikin gida, da amaryar da ba ta kai ashirin ba, da ƙaramar bazawara, mace ce kawai za ta iya sallama ta shiga inda suke.

Mataki na bakwai: kundin kammala karatu

Ka ɗauki ƙaramin batu ka yi masa zurfi. Matsalolin matasa a Arewa ba batun kundi ba ne, ya yi faɗi ƙwarai. Dalilan da ke sa yara barin koyon ɗinki kafin a yaye su a wata unguwa guda, wannan batu ne da za a iya kammalawa. Ka nemi izinin iyaye ga duk wanda bai kai 18 ba, ka yi hirar da harshen da mutumin ya fi sakewa da shi, ka adana maganarsa ta asali kafin ka fassara, domin takardar tambayoyi ta Turanci da ake raba wa wanda bai gama sakandare ba ba ta kawo komai sai amsar da yake zaton kana so. Kada ka sayi kundi, kada ka ƙirƙiri amsoshi a ɗaki. Idan ka gama, ka koma wurin waɗanda ka yi hira da su ka gaya musu abin da ka gano.

Mataki na takwas: bayan digiri

Shekarar bautar ƙasa, wadda gwamnatin Yakubu Gowon ta kafa a 1973, dama ce ta ƙara gogewa, musamman ta ɓangaren hidimar al'umma da ake yi kowane mako. Daga nan wuraren aiki sun haɗa da ma'aikatun matasa da na mata da walwalar jama'a, da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da gidajen horar da yara masu laifi irin na Kaduna da Ilori da Abekuta, da makarantu, da ƙungiyoyin agaji na gida da na waje, musamman a Arewa maso Gabas. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, don haka ka sani tun yanzu cewa albashin gwamnati a wannan fanni ba shi da yawa, na ƙungiyoyi kuma ya fi tsoka amma kwantiragi ne da ke ƙarewa idan kuɗin shirin ya ƙare. Wanda ya iya rubuta takardar neman tallafi, da tsara kasafin kuɗi, da auna sakamakon shiri, da amfani da kwamfuta wajen tattara bayanai, shi ne ba ya daɗewa a zaune.

Mai son digiri na biyu a ainihin aikin matasa zai iya duban Ingila ko Ayalan, inda Jami'ar Maynooth ta daɗe tana koyar da aikin al'umma da matasa. A Ingila ka tabbata kwas ɗin yana cikin jerin waɗanda hukumar matasa ta ƙasar, wato NYA, ta tantance, domin kwasa-kwasai suna buɗewa suna rufewa, kuma wanda ba a tantance ba ba ya ba da shaidar ƙwarewa. Za a nemi shaidar cewa ba ka da tarihin aikata laifi kafin a bar ka ka yi aiki da yara. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda a can Birtaniya, yana neman gogewar aiki ta shekara biyu, kimanin sa'o'i 2,800, tare da sharaɗin komawa gida na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Akan buɗe shafin nema wajen watan Agusta, saboda haka ka tanadi fasfo, da takardar sakamakon digiri, da mutum biyu da za su rubuta maka wasiƙar shaida tun kafin lokacin ya zo.